Zabiyar da Na Auro daga Rasha

Ni ban nemi Rasha ba. Da na gama lise, wato sakandare, a Damagaram, Faransa na rubuta a takardar neman bursu, tallafin karatu na gwamnati, kamar kowa. Da sunaye suka fito sai na ga an jefa ni Tarayyar Sobiyet, karatun likitan dabbobi. Babana manomin hatsi ne a wani ƙauye kusa da Falanko, bai san bambancin ƙasashen biyu ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko a can ana gane alƙibla. Na ce ana ganewa. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya.

Shekarar farko harshe muka koya. Sauran na yi su a wani birni da ke bakin babban kogi, wanda ke daskarewa har mutane su taka shi da ƙafa. Ina aji uku wani malaminmu ya kira ni, ya ce akwai wata tsohuwa ƙawar matarsa, karenta ba lafiya, kuma ba ta iya sauko da shi daga bene. Allura za a yi masa kullum har kwana goma. Ni da ban taɓa shafa kare ba sai da karatu ya tilasta ni, na ɗauki jakata na tafi.

Tsohuwar nan a da mawaƙiyar opera ce. Opera wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai da waƙa ake faɗa, ko da ruwa mutum zai roƙa. Makaɗa tuli guda suna zaune a wani rami gaban dandamali, kuma ba lasifika. Muryar mutum ce za ta haye kan duk kayan kiɗan nan ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Da muryar tsohuwar ta ƙare sai ta koma koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta birnin. Ƙafafunta sun kumbura, don haka ɗalibai ke zuwa gidanta. Lokacin da nake da sarari, ƙarfe huɗu na yamma, ya yi daidai da darasin wata doguwar yarinya mai kitso ɗaya a baya. Wani siririn saurayi kuma yana kaɗa mata piyano.

In na gama allurar, tsohuwar ba ta bari in buɗe ƙofa, wai iska za ta shigo ta taɓa maƙogwaron yarinyar. Sai in zauna kusa da karen har a tashi. A kwana goman nan ban ji waƙa ko ɗaya ba. "Aa" ne da "ee" da "oo", a hau a sauka, a hau a sauka. Tsohuwar takan dunƙule hannu ta danna mata ƙasan haƙarƙari ta ce, "Daga nan. Wa ya ce miki da wuya ake waƙa?" Rana ta shida yarinyar ta fashe da kuka. Tsohuwar ta jira ta gama, ta miƙa mata ruwan ɗumi, ta ce, "Daga farko."

Karen ya warke. Ni kuwa ban daina zuwa unguwar ba.

A hankali yarinyar ta ba ni labarinta. Tana da shekara bakwai aka sa ta makarantar kiɗa, wadda ake zuwa bayan an taso daga lakwal, wato makarantar boko. Ta gama wannan, ta yi shekara huɗu a ta tsakiya, sannan ta zauna jarrabawar babbar makarantar ta faɗi. Ta yi shekara guda tana renon yara a wani gidan reno, ta sake zama, ta ci. Ba ta shan ruwan sanyi, ba ta kiran mutum daga nesa. In gobe za ta yi waƙa, yau ba ta magana, sai ta rubuta a takarda. Ana koya musu Italiyanci, da rawa, da yadda mace za ta faɗi a dandamali kamar ta mutu ba tare da ta ji ciwo ba. Ni da nake ganin karatunmu na fiɗar gawar doki shi ne wahala, sai na kama bakina.

Saurayin mai piyano shi kuma wani aikin yake koyo, na mutumin nan da ke tsayawa gaban makaɗa da 'yar sanda, ya ba jama'a baya, yana nuna wa kowa inda zai shiga da inda zai tsaya. Na sa masa suna Madugu, na fassara masa, ya ji daɗi. Sai da ya gama karatun piyano kaf kafin a yarda ya fara wannan. A ajinsu ba makaɗa, piyano biyu ake ajiyewa su tsaya a madadin kowa, shi kuma yana kaɗa musu sanda. Makaɗa na gaske sau ɗaya ko biyu a shekara ake ba shi, na ɗan lokaci kaɗan. Malaminsa ya taɓa ɗaure masa hannun hagu a baya na tsawon watanni, wai sai dama ta iya magana ita kaɗai. A cikin jirgin titi, ɗan jirgin ƙasan da ke yawo cikin gari, yakan buɗe wani ƙaton littafin kiɗa a cinya, hannunsa na yawo a iska, tsofaffin mata suna matsawa gefe. Ya taɓa ce mini, "Ita kayan aikinta na wuyanta. Kai ko'ina ka je akwai saniya. Ni sai an ba ni mutane."

Da suka gama, gwamnati ta rarraba su yadda ta saba. Ita aka tura ta gidan opera na wani ƙaramin gari, tafiyar yini a jirgin ƙasa. Muryarta mai kauri ce, irin wadda ake ba matsayin baiwa, ko mai reno, ko tsohuwar gida. Na je kallo sau ɗaya. Ta shigo da faranti, ta rera baiti uku, ta fita, shi ke nan nata na ranar. Manyan matsayin suna hannun wasu mata biyu da suka girme ta, kuma ba mai niyyar yin ko mura. Shi Madugu aka tura shi can gabas mai nisa, mataimakin mataimaki. Shi ke shan wahalar gwaji da makaɗa, ranar wasa kuma babban ya zo ya karɓi sanda. Kafin ya tafi ni da ita muka yi aure, shi ya tsaya mana shaida a ofishin aure. Daga baya wani limami Batatare, ɗan wata ƙabilar Musulmi ta can, ya ɗaura mana na addini.

Da na gama karatu dole in dawo gida, don ƙasa ce ta tura ni. Ta ce za ta biyo ni. Muka je sallama wurin tsohuwar. Ba ta dube ni ba ma, ita ta duba ta ce, "Wata shida ba malami, kunnenki zai fara yi miki ƙarya. Za ki ji kamar daidai kike, alhali kin kauce."

"Shekara biyu ce kawai," in ji matata. "Zai nemi aiki a babban birninsu. Akwai piyano a can."

Ni na gaya mata haka, kuma da gaske nake a lokacin. Da muka sauka Yamai na yi ta hawa da sauka a ma'aikatar kiwo. Aka ce masu karatun Rasha daji ake buƙatarsu, kuma ai ni ɗan Damargu ne. Aka ba ni Tanut.

Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauye ta zauna da mu don baƙuwa ta saba. Ta karɓe ta hannu biyu. Ta nuna mata yadda ake dama fura, ta ɗaura mata zane, tana ce mata Madam kamar yadda mutanen gari suke faɗa. Kwana huɗu lafiya lau. Rana ta biyar da hantsi matata ta shiga ɗaki ta fara "aa" ɗinta. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta yar da rariya ta yi ɗakin a guje, ta ɗauka kunama ce. Ta fito ta same ni ina ɗaura takalmi.

"Likita, me ya sami baƙuwar nan?"

"Ba komai, Inna. Aikinta ne. Waƙa ta karanta."

"Waƙa ake karantawa?"

"A can ana karantawa. Shekara da shekaru."

Ta ce, "Ubanta maroƙi ne?"

"A'a, injiniyan jirgin ƙasa ne."

"To me ya kai 'yar mutane roƙo? Ashe zabiya ka auro mana."

Na yi ta bayani, cewa a ƙasarsu mawaƙi irin wannan da manyan likitoci ake jera shi, har lambar girma ake ba su. Inna ta saurare ni har na gama. Ta ce ita ba ta da abin cewa, yarinya ce mai ladabi, amma kada dangin babana su ji. Daga ranar duk wanda ya tambaye ni aikin Madam sai in ce malamar lakwal ce a ƙasarsu. Ta fara jin Hausa kafin in ankara. Wata rana na faɗi haka a gaban baƙi, da suka tafi ta ce, "Likita, yaushe na zama malamar lakwal?" Ba ta sake tambaya ba.

Ba a yi wata biyu ba mai unguwa ya zo da kansa, da fara'arsa. Ya ce ba ƙara aka kawo ba, amma mata na tsorata, yara kuma sun fara hawa katanga, ko Madam za ta ɗan rage. Na isar da saƙo. Ta ce wannan aikin ba a yin sa a hankali, in ta danne muryar lalacewa za ta yi. Sai na fara tafiya da ita rangadi a motar sarwis ta ma'aikatarmu. Lokacin allurar rigakafi mukan yi kwanaki a kwarin Tarka, daga wannan rijiya zuwa waccan. Ina fama da shanun Fulani da raƙuman Buzaye, ita kuma ta yi nisa bayan wani tudu da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da take bugawa a gwiwa ta kara a kunne don ta kama sauti. Daga inda nake nakan ji ta sama-sama a cikin kukan shanu. Wani dattijon Buzu ya taɓa tsayawa ya saurara har ta gama, sannan ya zo ya tambaye ni a hankali wa ya rasu mata. Da na fassara mata ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai gaskiyarsa, a cikin wasan an kashe wa matar ɗa.

Shekara ta biyu ta haifi 'ya mace. Ranar suna Inna ta kira zabiya kamar yadda aka saba, wata dattijuwa sananniya a garin, da 'yan amshinta da masu ƙwarya. Ban san wa ya tsegunta mata ba, amma washegari sai ga ta ita kaɗai, ba roƙo ta zo ba. Ta zauna a tabarma ta ce an ce Madam 'yar sana'a ce, tana son ta ji. Matata ta ce jego take, ba ƙarfi. Zabiyar ta ce ko kaɗan ne. Matata ta miƙe ta rera wani abu gajere. Zabiyar ta tashi ta ɗora mata tafin hannu a haƙarƙari ta ce ta sake. Ta sake.

"Wannan an sha wuya kafin a same ta," in ji zabiyar. "Ni ma shekara goma sha na yi ina amshi a bayan gwaggona kafin ta bar ni in ɗauki baiti. Ina 'yan amshinki?"

"Babu," in ji matata da Hausarta.

"Makaɗa fa?"

"Suna gida. Nesa."

Zabiyar ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Likita, ba ka kyauta ba." Ta sha ruwa ta tafi. Bayan haka takan leƙo lokaci-lokaci, su zauna su biyu a inuwa, ban san me suke faɗa ba.

Shekara biyun da na yi alkawari ta zama bakwai. Kowace shekara ina rubuta takardar neman canji, kowace shekara shiru. Na sayo mata wani ƙaramin piyanon batir daga Kano, ta yi godiya, amma na ga yadda ta taɓa shi. Tana ɗaukar muryarta a kaset ta saurara, ta goge, ta sake. Zazzaɓi ya kwantar da ita sau da yawa, ɗaya har sai da muka kwana Damagaram a gidan likita. Gwajin kullum ya koma na sati-sati, daga baya sai in ta ji ƙarfi. Ta shuka tumatir a bayan ɗaki, ta koyi ɗinki, ta iya ciniki a kasuwa fiye da ni. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni ma a gajiye nake dawowa, ga ƙarancin magani, ga mota kullum a gareji. Muka koma mutane biyu masu ladabi da juna.

A cikin shekarun nan ƙasarsu ta wargaje. Wasiƙun Madugu suna zuwa, wata uku a hanya. Ya rubuta cewa tsohuwar malamarsu ta rasu. Ya rubuta cewa gidan operarsu ba wutar ɗumama ɗaki, makaɗa da rigunan sanyi suke gwaji, masu goge suna hura yatsu. Duk wanda ya iya hannunsa ya tsallaka Turai. Babban nasu ma ya tafi, mataimakinsa ya bi shi, da haka sanda ta faɗo hannun Madugu bayan shekara da shekaru yana jira. A wasiƙar da ta biyo baya ya ce yana neman mace mai irin muryarta. Ta zo a gwada ta, amma ba zai yi mata alkawari ba, don ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Wata uku ta yi tana shiri. Na daina damuwa da mai unguwa, na ce ta yi a gida, duk mai magana ya same ni. Ta ce za ta tafi da yarinyar, kakanninta na can ba su taɓa ganin ta ba. Na yarda. Inna ta goya jikarta har tasha, sai da mota ta tashi ta ce mini, "Ka duba ta da kyau, Likita." Na raka su har Yamai. A filin jirgi muka yi maganar wata biyu, kowa na kallon wani wuri.

Mun shirya ranar da zan je gidan waya na Damagaram in kira ta. Na tashi daga Tanut da sassafe, na yi layi, wajen azahar aka haɗa mu.

"Likita, ban ci ba," in ji ta.

Ta ce a tsakiyar waƙa ta biyu Madugu ya ɗaga hannu ya tsayar da mai piyano. Ya hau dandamalin da kansa don kada sauran su ji, ya gaya mata. Tsakiyar muryar na nan da kyanta. Saman ne ya tafi, yana rawa, kuma tana kaucewa ba ta sani ba. Da shekara uku ce da an gyara. Ga kuma yara sababbin fitowa suna layi a waje. Ya ce abin da zai iya ba ta shi ne wuri a cikin 'yan amshi, masu tsayawa a baya su rera tare.

"Za ki karɓa?"

"Na riga na karɓa."

"Amshi fa kika ce."

"Amshi. Jiya na yi gwajin farko. Likita, da makaɗan suka tashi a ƙarƙashin ƙafata, kasa buɗe baki na yi."

"To yaushe za ku dawo?"

Sai ta ce, "Kai ka zo."

"In zo in yi me? Mutanenku ma ba su da aikin."

"Ni me na yi shekara bakwai?"

Mai gidan waya ya ƙwanƙwasa gilashi, akwai masu jira. Na ce zan rubuto. Na fito na zauna a gindin wata bishiya har la'asar, sannan na nemi motar Tanut.

Ban je ba. Na yi ta cewa baɗi, ita ma tana cewa za su zo hutu. Bayan shekara biyu muka rabu ta wasiƙa, ba faɗa. Inna ba ta daina tambayar jikarta ba har ta rasu. Canjin da na yi ta nema ya zo daga baya, amma Belbeji aka ba ni. Nan na sake aure, Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu, nan na ga shekarun fari da muka yi ta ƙona mushe a bakin rijiyoyi, nan kuma na ajiye aiki. Har yanzu makiyaya na kawo mini akuya ƙofar gida, ina dubawa in idona ya yarda.

Matata ta farko kuwa ta fi shekara ashirin tana amshi a gidan operar nan. Sau ɗaya, da wata ta kwanta ciwo, aka ba ta matsayin mai reno na kwana biyu. Yanzu tana koya wa ƙananan yara waƙa kwana uku a sati, gwiwoyinta na damun ta. Madugu ya riƙe sanda har kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Aka yi masa aiki bai yi ba, aka kawo wani yaro da ya yi karatu a waje, aka yi masa liyafa aka sallame shi. An ce ba ya zuwa kallo.

Duk wannan daga bakin 'yata na ji. Ita ta nemo ni da wayoyin zamani suka zo, ta hannun wani ɗan ƙasarmu da ke karatu a garinsu. Harhaɗa magunguna ta karanta, tana da miji da ɗa. Hausarta ta tafi, sai "sannu" da "fura". Da guntun Rashancina muke magana, ina laluben kalmomi tana jira. Wani lokaci takan miƙa wa uwarta wayar mu gaisa, ta tambayi iyalina, in tambayi gwiwarta.

'Yar tawa tana son ta zo ta ga inda aka haife ta. Shekara uku ke nan tana faɗa. Na sa an yi wa wani ɗaki shafe, aka sa masa sabuwar ƙofa da gado. Amma hanya ba lafiya, farar fata kuma ba ta yawo yanzu sai da rakiya, ni kuma ba ni da ƙarfin zuwa Yamai in taro ta. Bana ma na ce ta bari sai abubuwa sun lafa. Ɗakin kuwa, da kaka ta yi, maiɗakina ta tambaye ni ko ta zuba harawar tumaki a ciki kafin baƙin su zo. Na ce ta zuba.